Na tsinci tsofaffin hotunanmu, amma aminina ba ya ciki

Malam Haruna:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa tsoma baki ba, yau dai abu ya fi ƙarfina.

Shekaranjiya ina neman wata takarda a ƙasan akwati na ci karo da leda a ƙulle. Ina kwancewa sai ga ambulan goma sha ɗaya, irin waɗanda ake ba mutum idan ya je karɓar wankin hoto, kowace da hotunanta a gaba, dodon hoton kuma, wato fim ɗin da ake wanko hoton daga shi, a aljihun baya. Daga 1983 zuwa 1991 ne, tun muna ɗalibai har muka kama aiki. Na zauna a ƙasa ina dubawa har dare ya raba.

Mu shida ne a lokacin, kullum tare. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Hotunan sun haura ɗari uku, ina cikin fiye da rabinsu. Shi kuwa wanda ya fi kowa kusa da ni, ba zan ambaci sunansa ba, sau uku kacal ya fito, ukun ma dishi-dishi. Kyamarar tasa ce, shi ke ɗauka. A hotuna da yawa inuwarsa kawai ake gani kwance a gaban ƙafafunmu, hannaye biyu a ɗage wajen fuska.

Rabona da shi tun 1994. Ya rubuto mini wasiƙa yana cikin wani hali, yana neman in zo. Na ce sai na samu sarari. Wata ya wuce, shekara ta wuce, daga nan kunya ta hana ni. Bai sake rubutowa ba. Shekara talatin ke nan da ɗoriya. Tambayata: in neme shi, ko in mayar da ledar inda na same ta?

Nura:
Wa alaikumus salam Baba. Ka neme shi mana, me za a jira? Zumunci a ƙafa yake.

Injiniya Kabiru:
Malam Haruna, sannu da wannan nauyi. Zan faɗi abin da ƙila ba zai yi daɗi ba. Kada ka yanke hukunci da hoto a hannu. Ni ma ina da irin wannan tarin, kuma na lura duk lokacin da na buɗe shi sai in ji kamar ba mu taɓa ɓatawa da kowa ba. Alhali mun yi faɗa, mun yi gaba, an ci amanar wasu. Ba wanda ya taɓa ɗaga kyamara ana cikin cacar baki. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ban da fuskar da aka ce wa "ku matso, ku yi murmushi". Fim mai ɗauka 36 ne, mutum ya yi wata uku bai cinye shi ba. Ka tara duk ƙiftawar idon kyamarar nan a shekara takwas, ba za ta kai minti ɗaya ba. A kan minti ɗaya za ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da ya riga ya binne maganarka? Ina tsoron ƙuruciyarka kake kewa, shi kuma ka je ka fama masa tsohon miki.

Hajiya Rakiya:
Injiniya, na yarda da rabin maganarka. Amma bari in ba ku nawa.

Ina da ƙawa tun muna 'yan mata, gado ɗaya muke kwana a makaranta. Wata magana ta shiga tsakaninmu, aka kai aka kawo, na ɗauki almakashi na bi albam ɗina shafi-shafi ina yanke ta. Hoto goma sha huɗu. Na zauna na yi aikin a tsanake, ina bin gefen mayafinta kada in taɓa kaina. Sai dai a hotuna biyar hannunta na kan kafaɗata, ba yadda zan cire shi sai na yanki jikina. Haka na bar su. 'Ya'yana sun taso suna tambayata, Mama hannun wa ne wannan? In ce wata ce.

Ta rasu shekara shida da suka wuce, ba mu shirya ba. Bayan rasuwarta na tuna dodon hotunan na nan a cikin wani gwangwani, ban taɓa su ba saboda a lokacin ban ɗauke su a bakin komai ba. Na kai aka sake wanko mini. Ranar da na karɓo, a cikin mota na buɗe. Ga ta nan cikakkiya, tana dariya, da wushiryarta da na manta tana da ita. Wallahi na manta. Mutumin da na kwana gado ɗaya da shi shekara biyar.

To gaskiya ne hoto bai ɗauki faɗanmu ba. Amma shi faɗan ai ban buƙaci hoto ba, na riƙe shi da kaina shekara da shekaru, kalma-kalma. Abin da ya zube mini shi ne ɗaya ɓangaren. Malam Haruna, kai naka yana raye ko aƙalla ba ka ji rasuwarsa ba. Ni ban da wannan damar.

Malama Talatu:
Allah ya jiƙanta Hajiya, ya sa kun yafi juna a can. Na karanta naki hawaye na zuba.

Baba Mai Hoto:
Malam Haruna, na yi shekara ashirin da biyu ina wankin hoto kafin sana'ar ta mutu a hannunmu. Ka tuna wace irin kyamara ce?

Malam Haruna:
Olympus ce, ƙarama, baƙa da ruwan azurfa. Idonta na da wani zobe kamar saƙar zuma kewaye da shi. Na tuna ba a sa mata batir, kuma in duhu ya yi wani jan abu yakan taso a cikin madubin leƙawa, ta ƙi ɗauka.

Baba Mai Hoto:
Trip 35 ke nan, ba tantama. An yi ta ƙera ta daga 1967 har 1984. Zoben nan da ka gani shi ke auna haske, da hasken ma take aiki, shi ya sa ba ruwanta da batir. To ka ji dalilin da ya sa abokinka ba ya cikin hotunan: wannan kyamarar ba ta da agogon nan da ake murɗawa mutum ya ruga ya shiga sahu. Dole wani ya tsaya a baya. Inuwar kuma, haka aka koya wa kowa a lokacin, rana ta kasance a bayan mai ɗauka. In da hantsi ne ko da yamma, inuwarsa sai ta miƙe har gaban mutanen.

Hotunansa uku da suka yi dishi-dishi ma ina jin na san dalili. A jikin idon kyamarar akwai alamomi huɗu: mutum ɗaya, mutum biyu, taron mutane, sai dutse. Da su ake saita nisa. Wanda bai saba ba in aka miƙa masa, sai ya danna yadda ya same ta. In tana kan dutse mutum kuma yana kusa, bayansa zai fito tar, shi ya dushe.

Malam Haruna:
Haka ne Baba. Na sake dubawa yanzu. Bishiyoyin bayansa har ganye ana ƙirgawa. Ni na ɗauki biyu daga ciki, na tuna. Bai taɓa ce mini sun lalace ba.

Sadiya:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Labarin ya taɓa ni sosai, amma akwai abin da ke damuna duk lokacin da ake irin wannan hira. Sai a riƙa yi kamar hoton fim ne kaɗai ke da rai, namu na waya shara ne. Ƙawata ta rasu bara. Ina da hotunanta sun fi dubu, da bidiyo, da muryarta tana kirana. Ina da hotonta tana barci a aji, tana fushi, tana asibiti. Abin da Baba Injiniya ya ce fim bai ɗauka ba, mu mun ɗauka. Kuma ba wanda ya tsaya a baya, duk muna ciki saboda ana juyo da kyamarar. Da a zamaninmu ne da Baba Haruna yana da fuskar amininsa sau ɗari.

Injiniya Kabiru:
Sadiya ta yi gaskiya, kuma ni ba na cikin masu kukan fim. Mutanen Kodak da kansu suka fara haɗa kyamarar dijital, wadda ba ta buƙatar fim, wani injiniyansu Steven Sasson a 1975. Baƙi da fari take ɗauka, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Kamfanin ya ci gaba da dogaro da cinikin fim, har ya kai ga bayyana karyewa a Janairun 2012. Duniya ta zaɓi abin da ya fi mata sauƙi, kuma ba ta yi laifi ba. Mun manta yadda ake wanko fim gaba ɗaya baƙi ƙirin saboda bai kama ba tun wajen sawa? Mun manta jajayen idanu in an kunna filasha? Taro guda ya tafi a banza, ba a sani ba sai bayan mako biyu.

Baba Mai Hoto:
'Yata Sadiya, Allah ya jiƙan ƙawarki. Ba na raina hoton waya, da shi nake ganin jikokina. Abu ɗaya kawai nake so ki gane game da namu. Mai fim yana da 24 ko 36, in ya iya sawa da kyau ya samu ƙarin ɗaya ko biyu a ƙarshe. Kowace dannawa kuɗi ce, sau biyu ma: sayen fim da wanki. Saboda haka kafin ya danna sai ya zaɓa. Na shekara ashirin ina ganin fina-finan mutane suna fitowa daga ruwan magani, kuma ko ban san mai shi ba, kafin in kai ƙarshen fim na san wanda yake ƙauna. Fuska ɗaya za ka ga tana ta dawowa. Wani lokaci mai fuskar ma bai san ana ɗaukarsa ba, yana gefe yana kallon wani wuri.

Malam Haruna ya ce yana cikin fiye da rabin hotuna ɗari uku, su kuwa su shida ne. Injiniya, kai ne mai lissafi.

Injiniya Kabiru:
Na ji wannan Baba. Amma hakan ya nuna yadda shi yake ji a 1985. Bai nuna yadda yake ji yau ba. Hasali ma, gwargwadon kusancin, gwargwadon zafin wasiƙar da ba a amsa ba.

Malama Talatu:
Ni tambayata daban ce, a gafarce ni. Baba Mai Hoto, hotunan aurena masu kala duk sun koma ja-ja kamar an jiƙa su a ruwan kanwa, amma na iyayena baƙi da fari da suka girme su da shekara talatin suna nan garau. Me ya jawo?

Baba Mai Hoto:
Malama, baƙi da fari azurfa ce a jikin takardar, in an ɗauraye shi da kyau wajen wanki yana iya haura shekara ɗari. Mai kala kuwa rini ne hawa uku: mai ruwan shuɗi, mai ruwan ja, da rawaya. Ba tare suke tsufa ba. A takardun wancan zamanin mai ruwan shuɗin ne ya fi saurin gudu, ko da a cikin duhu aka ajiye, zafi da laima na ƙara masa sauri. In ya tafi sai ja ya rage. Wani lokacin ma laifinmu ne masu wanki. Tsarin da muke bi wajen wanke fim, C-41, wanda Kodak ta fito da shi a 1972, yana son ruwan magani ya tsaya a digiri 37.8 daidai, kuma a riƙa sabunta shi. Ba kowa ke yi ba.

Ga shawara ga kowa. Ku ciro hotuna daga albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, danƙon na cin takarda. In ya riga ya kama kada a fizga. A ajiye inda ba zafi ba laima. A yi musu sikanin, hoton takarda a kan ɗigo 600 a kowane inci (dpi), dodo kuwa ya fi son 2400 zuwa sama, kuma a kwamfuta ana iya dawo da kalar da ta gudu. In kun buɗe gwangwanin dodo kuka ji tsami-tsami yana hawa hanci, ledar dodon ce ta fara ruɓewa, a ware shi daga sauran a gaggauta kwafe shi. Sannan ku rubuta sunaye da shekara a bayan kowane hoto, da fensir mai laushi, ban da biro. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran. An sha kawo mini hoton tsoho ko tsohuwa a ce in ƙara girmansa, in tambaya wane ne, a ce wallahi ba mu sani ba, a kayan kakarmu muka gani.

Hajiya Rakiya:
Wannan gaskiya ne. Daren jiya na fara rubuta nawa, na tarar a hoton ajinmu mutum bakwai sunansu ya ɓace mini. Sadiya, ke ma ki zaɓi ko ashirin cikin dubun nan ki wanko su a takarda. Waya na faɗawa ruwa.

Sadiya:
Zan yi Mama, in sha Allah. Mahaifiyarta ma ba ta iya duba waya, ban taɓa tunanin in kai mata na takarda ba sai yanzu.

Baba Mai Hoto:
Malam Haruna, na koma na sake karanta rubutunka na farko, wani abu ya tsaya mini. Ka ce kyamarar tasa ce, amma dodon hotunan na hannunka. Ya aka yi? A saninmu mai kyamara yakan raba hotuna, kowa ya ɗauki nasa, amma dodo ba ya barin hannunsa. Shi ne asalin, daga shi ake sake wanko komai. Ni ban taɓa ganin wanda ya kyautar da shi haka kawai ba.

Malam Haruna:
Baba, ka sa na ajiye wayar na fita waje na dawo.

Ba kyauta ya ba ni ba. Lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki a 1991, ɗakin da zai koma yana yoyo, ya kawo mini ledar nan da kansa ya ce in riƙe masa har ya samu wuri mai kyau. Ina jin muryarsa yanzu, ya ce kada in bari ruwa ya taɓa su. Ni duk shekarun nan a raina hotunana ne. Ashe ajiya ce.

Nura:
Allahu akbar. To ai magana ta ƙare Baba, amana ce, dole a mayar.

Injiniya Kabiru:
A nan kam na sauka. Kayan mutum kayansa ne, ko shi ko magadansa. Abu ɗaya zan roƙa: ka je a matsayin mai mayar da ajiya, kada ka je da buƙatar a yafe maka a ranar. In ya karɓa ya rufe ƙofa, haƙƙinsa ne. Kuma ka kwafe su kafin ka bayar, da izininsa.

Hajiya Rakiya:
Kuma kada ka tsaya tsara kalaman da za ka faɗa. Ni tsarawar ce ta cinye mini shekara ashirin.

Malam Haruna:
Jama'a, kwana tara ke nan, na ga wasunku sun bi ni ta akwatin saƙo suna tambaya. Na gode.

Na same shi. Ta hannun ƙanwar ɗaya daga cikin abokanmu da suka rasu na samu lambar ɗansa, ɗan ya haɗa mu. Yana raye, ya yi ritaya, idonsa ɗaya an yi masa aikin yana. Da na faɗi sunana ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce, "Haruna. Kana nan?" Na ce ina nan. Muka gaisa, gaisuwa irin ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti. Ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Bai san ɗaya daga cikin mutanenmu ya rasu ba, ni na gaya masa, wannan ya yi mini nauyi ƙwarai.

Da na ce ajiyarsa na hannuna, sai muryarsa ta canja. Ya ce ya ɗauka sun ɓace tuntuni. Kyamarar ma tana nan wurinsa, jan abin nan har yanzu yana tasowa. Ya tambaya ko ruwa ya taɓa su, na ce ko ɗigo. Sai ya ce in duba ambulan ta 1987, can ƙarshen fim bayan lamba 36, akwai wani rabin hoto da masu wanki suka ƙi bugawa. Na ɗaga shi a fitila muna kan waya. Mu biyu ne, kawunanmu a haɗe, ya miƙa hannu ya juyo da kyamarar ya ɗauka. Rabin fuskata haske ya cinye, tasa kuwa ta fito. Ban taɓa sanin da shi ba, domin ban taɓa ɗaga dodon na duba ba.

Duka hirar minti goma sha ɗaya ce.

Injiniya Kabiru:
Maganar wasiƙar fa, ta taso?

Malam Haruna:
Bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Ba maganar waya ba ce. Ɗansa ya ce in aiko da ledar ta mota, na ce a'a, da hannuna aka ba ni. Zan tafi ƙarshen wata. Baba Mai Hoto, wannan rabin hoton na ƙarshe, zai wanku kuwa? Ina so in kai masa shi a takarda.

Baba Mai Hoto:
Zai wanku. Injin ne ke tsallake irinsa saboda bai cika ba, amma in an yi sikanin da hannu zai fito. Ka ce musu kada su yanke gefen, su bar shi da ɓangaren da haske ya ci da lambar da ke ƙasa. Ka riƙe shi ta baki-baki, kada yatsa ya hau tsakiya, kuma kada ka goge shi da komai ko ka ga ƙura. Ka ce su buga guda biyu.